Soron Craigievar da Zauren Kakanmu

Ban je Sikotilan don kallon tsofaffin gine-gine ba. Ƙanina ne ya kammala karatu a Abadin, dangi suka ce ni zan wakilce su a wurin bikin. Da aka gama biki da ɗaukar hotuna, sai ya rage mana kwana uku ba mu da abin yi, wani abokin karatunsa mai mota ya ce zai kai mu mu ga wani gida mai ruwan hoda a bayan gari. Na yi dariya a raina, na ce mutum ya taso tun daga Salaga, ya keta hamada da teku, a ƙarshe a kai shi kallon fenti. Na bi su ne don kada a ce baƙo ya yi girman kai.

Tafiyar ba ta kai awa guda ba. Muka nufi yamma cikin tuddai da gonaki da tumaki, har kusa da wani ƙaramin gari da ake kira Alford. Daga inda aka ajiye mota muka taka da ƙafa ta ƙarƙashin manyan itatuwa, sai ga shi a gefen tudu, hawa bakwai, tsaye shi kaɗai. Sunansa Craigievar. Daga ƙasa har ya wuce rabi bango ne kawai sumul, tagogi ƙanana jefi-jefi, kusurwoyinsa a lanƙwashe ba su da kaifi. Can sama kuwa sai ginin ya buɗe kamar rimi ya fitar da rassa: ƙananan hasumiyoyi masu rufi kamar malfa, da indararo na dutse da aka sassaƙa. Ana yawan cewa daga nan Walt Disney ya ɗauki siffar fadar tatsuniyoyinsa, amma wannan zancen baka ne da masu yawon buɗe ido ke so. Abin da ya tsayar da ni shi ne fatar bangon. Ba ta da miƙewar bulo, tana da ɗan tudu da kwari, irin na bangon da hannun mutum ya shafa. Rabona da ganin bango irin wannan tun ina yaro a ƙofar gidanmu.

Irin wannan gini suna da shi da yawa a ƙasar, ɗaruruwa, wasu da rufinsu, wasu sun zama kufai. Shekaru aru-aru masu ƙasa a can suna zaune cikin gaba da juna, ana kai hari, ana kore shanu, ana ramuwa. Saboda haka mai hali ba ya shimfiɗa gidansa a faɗi kamar yadda muke yi, sai ya miƙa shi sama: bango mai kauri, ƙofa guda, ɗakin ƙasa mai rufin dutse don ajiya, babban ɗakin zama a hawa na gaba, ɗakunan kwana a birbishinsa. Gida ne, ganuwa ce kuma. Amma a lokacin da aka kammala Craigievar a 1626, zamani ya fara sauyawa. Tun 1603 Sarki James na Shida ya haɗa sarautar Sikotilan da ta Ingila, kuma bangon da zai tsare mashi ba zai tsare igwa ba. Shi ya sa in ka dubi ginin da kyau za ka ga tsoro ne ya gina ƙasansa, alfahari ya gina samansa.

Wanda ya ƙarasa shi ma ba mayaƙi ba ne, falke ne. Iyalin Mortimer ne suka fara ginin, kuɗi ya yanke musu, suka sayar a 1610 ga William Forbes, ƙanin Patrick Forbes wanda ya zama bishop na Abadin. William ya tara dukiyarsa ne a fataucin tekun Baltik, musamman da birnin Danzig, wanda yau ake kira Gdansk a ƙasar Polan, har mutanen garinsu suka laƙaba masa sunan birnin, kamar yadda a Kano ake ce wa wanda ya yi arziki a hanyar goro Ɗan Gwanja. Da na ji wannan sai na ji mutumin ya matso kusa da ni. Na san irinsa. Kakan mahaifina da goro ya yi arziki, yana ɗaure huhu a Salaga yana bin ayari zuwa ƙasar Hausa. Yaƙin basasar 1892 ya watsa 'yan kasuwar garin, wasu Karachi, wasu Yeji, wasu Kintampo. Shi yana cikin waɗanda suka komo da ƙura ta lafa, kuma abin da ya fara yi shi ne ya nemo magini ya gina masa zaure na tubali, mai kauri, mai faɗi, wanda baƙo zai shiga ya san ya zo gidan mutum. Falke duk inda yake, in ya gaji da hanya, yana son ya ga dukiyarsa ta tsaya wuri guda ba ta motsi. William Forbes bai daɗe cikin nasa ba, shekara guda bayan kammalawa ya rasu, zuriyarsa suka zauna a ciki kusan shekara 350.

Ba a barin mutane su shiga tururuwa. 'Yan kaɗan ake ɗiba, da mai yi musu jagora. Tamu wata dattijuwa ce mai farin gashi, mai magana a hankali. Ta nuna mana ƙofar, guda ɗaya tak, da saƙaƙƙen ƙyauren ƙarfe a bayan na katako, wanda ko an ƙone na gaba shi zai tsaya. Matakalar a murɗe take, ƙunci gare ta, mutum biyu ba sa jerawa. A jikinta akwai tambarin ɗaya daga cikin jikokin gidan mai ɗauke da shekarar 1668, da gargaɗi cikin tsohon harshensu cewa kada a tada kare mai barci. A babban ɗakin, rufin duka ado ne na farin yaɓe, fuskoki da furanni da tambura, tun na 1626, ga tambarin sarautar ƙasar a saman murhu. Na daɗe da kaina a ɗage. Ya tuna mini da adon da maginan Zariya ke yi a cikin soraye, ko da yake zanen daban, don su suna zana mutane, namu suna zana dagi. A hawan sama babu wutar lantarki ko ɗaya. Da hasken taga ake ganin komai, in hadari ya rufe rana ɗakin ya yi duhu, in ya yaye hotunan bango su dawo. Haka masu gidan suka gan shi, haka aka bar shi.

Da muka fito na tambaye ta dalilin launin. Ta ce ba haka yake tun asali ba, da fari-fari ne. A shekarun 1820 rufin ya lalace, mai gidan na lokacin, Sir John Forbes, ya kira wani masanin gini daga Abadin mai suna John Smith. Zamani ne da masu kuɗi ke rushe tsofaffin gidajensu ko su yi musu ƙari irin na yayi, amma Smith ya ba da shawarar a gyara rufi, a sake yaɓe, a bar siffar ginin yadda take. A wannan yaɓen ne aka sa launi don ya dace da dutsen da aka yi adon sama da shi, sai ya fito ruwan hoda. Sannan ta ɗora tafin hannunta a bangon ta ce abin da ya fi launin muhimmanci shi ne abin da ke ɗauke da launin. Yaɓensu na gargajiya farar ƙasa ce da ake ƙonawa daga dutse, a kwaɓa da yashi mai tsakuwa, a riƙa watsa shi a bango da cokalin gini. Yana shan ruwan sama, in iska ta kaɗa ya sake shi. A shekarun 1970 sai aka yi wa ginin sabon yaɓe mai siminti, da kyakkyawar niyya, don a huta da gyara. Siminti ba ya lanƙwasa, gini kuwa yana motsi da zafi da sanyi, sai ya tsattsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, ya zauna cikin bango, danshi ya doshi katako da wancan adon rufi da na gama kallo. Daga ƙarshen 2007 aka rufe gidan, aka kankare simintin duka, aka mayar da yaɓen farar ƙasa, ba a sake buɗewa ba sai 2010. Ko a 'yan shekarun nan an sake rufe shi an yi masa sabon shafe, aka buɗe a 2024. Ta ce bango irin wannan dole a bar shi ya yi numfashi.

Ƙanina ya dube ni, na dube shi, ba wanda ya ce uffan. Kalmar da Kawu ya faɗa ke nan, ita ɗin dai, shekara tara da suka wuce.

A shekarar da na fara samun albashi mai ɗan kauri a Ankara, na ƙudurta zan yi wa gida abin da za a gani. Tun muna yara, kowace shekara bayan damina ake yi wa zauren yaɓe. A haƙo ƙasa, a zuba ruwa, a tattake da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, sannan a shafe bango da hannu. Mu yara mu ne 'yan ɗebo ruwa, Gwaggo ce mai dafa abincin ma'aikata. Na tsani aikin nan. Na ɗauke shi alamar talauci, tun da maƙwabta duk sun koma bulo da fenti. Sai na aika kuɗi, na ce a sayi siminti a shafe zauren ciki da waje, a huta har abada. Kawu, wanda a lokacin shi ne babba a gidan, ya kira ni a waya. Ya ce, “Ɗana, Allah ya yi albarka, ya ƙara buɗi. Amma bangon ƙasa numfashi yake yi. In ka toshe masa hanci, ta ciki zai mutu, ba za ka gani ba.” Na ce, “Kawu, zamani ya wuce nan. A bar mu mu ma mu yi abin da ake yi.” Ya yi shiru, sannan ya ce to, kuɗina ne. Ban manta yadda ya faɗi wannan “to” ɗin ba.

Shekara shida zauren yana sheƙi. Na sa aka yi masa shuɗin fenti, duk wanda ya zo gaisuwar salla sai ya sa mini albarka. Kawu ya rasu a cikin waɗannan shekarun, bai sake tada maganar ba. Daga baya aka fara ganin 'yan tsage-tsage kamar zare, aka ce ba komai, a liƙe. In ka ƙwanƙwasa bangon ta gabas, inda ruwan hadari ke duka, sai ka ji yana amsawa kamar ganga. Daminar bara waccan, cikin watan Satumba, bayan ruwan kwana biyu, simintin gefen gabas ya ɓalle gaba ɗaya kamar an cire ƙyaure, ya faɗi da asuba. Allah ya tsare, almajiran da ke kwana a zauren sun fita salla. Hoton da aka turo mini ya nuna abin da ke baya: ƙasar ta jiƙe ta yi laushi kamar tuwon da ya kwana, gara ta yi hanyoyi a ciki, bangon da ya yi fiye da shekara ɗari ya zaizaye har kusan rabin kaurinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, in ji masu magana, to ni na kawo abin da ya tsage.

Abin da ya ƙara mini kunya shi ne darasin yana nan kusa da mu, ba sai an je Turai ba. Masallacin Larabanga, a nan ƙasar Gwanja, shi ma a shekarun 1970 aka shafe shi da siminti da yashi don a kare shi. Danshi ya maƙale a ciki, gara ta ci itacen da ke riƙe da ginin, har wani sashe ya rushe bayan guguwa. A 2002 wata ƙungiyar duniya mai kula da gine-ginen tarihi, World Monuments Fund, ta sa shi cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari, aka kankare simintin, aka koma yaɓen ƙasa da hannun maginan garin. Shekaru goma ɗin nan guda, kuskure guda, a masallacin ƙasa a Gana da soron dutse a Sikotilan. Na sha wucewa ta Larabanga, na yi salla a garin, na ɗauki hoto a gaban masallacin, ban taɓa tambayar kowa labarin bangonsa ba.

A hanyar komawa Abadin na yi ta tambayar abokin ƙanina yadda ake tsare irin waɗannan gidaje, daga baya kuma na bincika da kaina. Abu biyu ne ke riƙe da Craigievar. Na farko doka. Suna da rajistar gine-gine masu daraja, sama da 40,000, an kasa su mataki uku, A da B da C, kuma Craigievar yana matakin A, na ƙololuwa. Hukumar da ke riƙe da rajistar ita ce Historic Environment Scotland, wadda aka kafa a 2015 bayan haɗe wasu hukumomi biyu. Ginin da ke cikin rajista yana nan a hannun mai shi, yana iya sayarwa, yana iya bayar da haya, amma ba zai rushe shi ko ya sauya kamanninsa ba sai da izinin ƙaramar hukuma, kuma yin hakan ba izini laifi ne a ƙarƙashin dokar 1997. Na biyu amana. Tun 1963 gidan ya bar hannun zuriyar Forbes ya koma hannun National Trust for Scotland, ƙungiyar da ba ta gwamnati ba, wadda aka kafa a 1931, take rayuwa da kuɗin mambobi da gudummawa da abin da baƙi ke biya a ƙofa. Majalisa ta ba ta ikon ayyana wani abin da ke hannunta a matsayin wanda ba a sayarwa har abada. Da na karanta wannan sai na ce ai waƙafi ke nan, mun san shi tun kafin su. Sai dai mu a masallaci da maƙabarta da rijiya muke tunawa da shi, ban taɓa jin wanda ya yi waƙafin zaure a zangonmu ba.

Kuma kada mai karatu ya ɗauka doka ce ta hana kuskure. A hannun masu amanar aka yi wancan yaɓen siminti. Abin da tsarin ya ba ginin shi ne wanda zai lura, da kuɗin da za a warware kuskuren kafin bango ya faɗi. Ni ba ni da mai lura sai Kawu, shi ma na rufe masa baki da kuɗina.

Akwai wani abu kuma da ba a faɗa wa baƙi a ƙofa, amma ana jinsa. Gidan ya kai 1963 a dunƙule ne saboda al'adarsu ta gado tana miƙa gida da ƙasa ga magaji guda, sauran 'ya'ya su nemi nasu a soja ko a fatauci ko a ƙasashen da Birtaniya ta mallaka. Ba na sha'awar wannan. Rabonmu ya fi shi adalci nesa ba kusa ba, kowa da haƙƙinsa, mace da namiji. Sai dai gidan da ya ratsa rabo uku yakan wayi gari da masu shi talatin, kowa yana da ɗaki, ba mai bango. Sannan shi Craigievar ɗin da aka tsare, ba mai kwana a cikinsa. Gadaje a gyare, kujeru a jere, ba hayaƙi a madafa, ba takalmin yaro a bakin ƙofa. In yamma ta yi sai a kulle a tafi. Zaurenmu da rabin bangonsa a ƙasa, har yanzu a cikinsa ake ɗaurin aure, a cikinsa aka sallaci Kawu, yara suna karatun allo a gefen da bai faɗi ba. Da za a ce in zaɓa tsakanin biyun, ban san me zan ce da sauri ba.

A Gana ma akwai abin da aka tsare. Gidajen kurkukun bakin teku irin su Elmina da Cape Coast sun shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 1979, tsofaffin gine-ginen Asante na kewayen Kumasi suka bi a 1980. Sun cancanta. Amma zauren falken goro a zango ba ya cikin rajistar kowa, kuma ban ga wanda zan ɗora wa laifi ba, tun da mu masu shi ma ba mu taɓa rubuta shekarar da aka gina shi ba. Mu da ake ce wa baƙi bayan shekara ɗari da wani abu a gari, bangon nan yana cikin 'yan shaidun da muke da su cewa ba jiya muka zo ba.

Yaya yana so a rushe. Ya faɗa tun ranar da bangon ya faɗi, kuma ba mugunta ba ce. Zauren yana fuskantar titi, in an buge shi za a fitar da shago uku na bulo, hayarsu za ta biya kuɗin makarantar marayun ɗan'uwanmu guda huɗu da ke wuyansa. Daga ɗakin ƙanina a Abadin na kira shi a daren nan, na kwashe labarin Craigievar na faɗa masa, har da simintin. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, “Su wa ke biyan kuɗin gyaran can?” Na ce mambobi da baƙi. Ya ce, “To mu wane baƙo zai biya ya ga zauren Baba? Kai kana Ankara, ni nake kwana da yaran nan.” Ba ni da amsa. Na ce, “Yaya, ka yi mini rani ɗaya. Ni na ɓata, ka bar ni in gwada gyarawa da kuɗina. Kuɗin makarantar bana kuma ka bar mini rabi.” Ya daɗe bai yi magana ba, ina jin kukan akuya a bayansa. Ya ce rani ɗaya, in damina ta zo bangon bai tsaya ba, kada in sake buɗe baki.

Neman magini ya fi neman kuɗin wuya. Duk wanda aka tambaya sai ya ce shi na bulo ne. A ƙarshe Gwaggo ce ta tuna da wani tsoho a wani ƙauye ta hanyar Kpembe, wanda ya yi wa gidanmu yaɓe tun ina ɗebo ruwa. Ya zo ya zagaya zauren yana ƙwanƙwasa bango da sandarsa, ya ce gefe uku za su rayu in an cire musu simintin a hankali kafin ya ja ƙasa ya faɗo da ita, na gabas kuwa sai an sake ɗora tubali daga gindi. Ya ce ba zai iya hawa ba, amma zai zauna a kujera ya nuna, in an samo masa samari biyu masu haƙuri. An samu ɗaya, ɗan Yaya ne na fari, wanda ya ce zai yi don ya ga yadda ake yi. An fara tara ƙasa a bayan gida, ana jiran a gama girbi a samu ciyawa. Bulo ɗari biyu da Yaya ya riga ya saya suna nan jibge a ƙofar gida, ya rufe su da leda, ya ce ba zai mayar ba tukuna.